Gayyar Kuskure a Aji Huɗu

Na'urar ta iso ne a farkon zango na uku na shekarar 2016, cikin kwali, a bayan motar wata ƙungiya da ba wanda ya iya faɗin sunanta daidai. Makarantar kuwa sakandaren jeka-ka-dawo ce a wani ƙauye da ke tsakanin Bukkuyum da Gwashi, mai ajujuwa shida da malamai huɗu, idan an haɗa da shugaban makaranta, Malam Tanko, wanda rabonsa da shiga aji tun ranar da aka kawo masa kujera mai juyawa.

Jami'in da ya kawo ta, wani siririn saurayi daga Gusau mai suna Abdulrashid, ya tsaya gaban 'yan aji huɗu ya ɗaga ta sama. Faɗinta bai kai na allon karatu ba. Ya ce wannan aba takan san ɗalibi fiye da yadda uwarsa ta san shi. Za ta yi masa tambaya, in ya ci ta ƙara masa wuya, in ya kasa ta sassauta, har sai ta gano daidai inda yake, ta koya masa karatu da lissafi daga nan. Ya ɗauki hoton ɗalibai sittin da uku ya zuba a cikinta, ya ce aro ce, ranar ƙarshen zango zai dawo ya kai ta wata makaranta a Anka. Da ya kunna ta, sai muryar mace ta yi sallama da Hausar rediyo. Ajin duka ya amsa, har da tambayar gajiyar hanya. Kafin a tashi ranar an raɗa mata suna Hajiya.

Malam Murtala aka danƙa wa ita. Mutumin Gummi ne, malamin lissafi a takarda, amma a aikace shi ne na Turanci da na kimiyya, kuma shi ke buga ƙararrawa. Ya tsara cewa kowane ɗalibi zai zauna da Hajiya a bayan aji shi kaɗai na ɗan lokaci, bi da bi. Da yake a wannan sa'ar yana da darasi a aji biyu da aji shida lokaci guda, sai ya bar tsarin a hannun monita, Surajo, ya ci gaba da zirga-zirgarsa. Akwai iyafis da aka haɗo da na'urar don mai ita ya ji shi kaɗai, amma Malam Tanko ya ce raɗa a cikin mutane rashin tarbiyya ne, ya adana shi a ofis, inda yake sauraren labaran rana da shi.

Sati biyu aka yi, sakamako ya fara fitowa, kuma abin ya ba Malam Murtala tsoro. Yaran da ya san har yanzu suna lissafin bakwai sau takwas da yatsun ƙafa, Hajiya ta ce sun wuce matakin aji shida. A sati na biyar ta fara jefo tambayoyin da shi kansa sai ya juya baya ya yi ta share allon da ba a rubuta komai a kai ba. Malam Tanko ya sa aka yi wa Hajiya riga da atamfa, ya kuma fara gaisawa da mutane da hannu ɗaya a aljihu. Malam Murtala dai ya ce a ransa, ko dai shi ne ya zalunci yaran nan shekara da shekaru, ko kuwa akwai wata a ƙasa.

Wata Laraba alli ya ƙare masa a aji biyu, ya dawo ɗauka. Tun daga nesa ya ji kiɗa. Ya leƙa ta taga, sai ga ajin an ture bencuna gefe, an yi da'ira. Wani yaro zaune a tsakiya riƙe da Hajiya daidai fuskarsa, Khalifa da sauran masu ƙoƙari sun durƙusa kewaye da shi suna lissafi a ƙasa da tsinke, Manu yana kaɗa tebur, 'yan mata suna amshi, ga ƙwaryar fura da ludayi na zagayawa. Duk amsar da aka samu sai a yi shewa, mai riƙon ya danna.

"Mi kuka yi nan?" in ji Malam Murtala daga bakin ƙofa.

Surajo ya miƙe da ladabi, bakinsa da fura. "Gayya ta, Malam. Yau gonar Haladu muka yi."

"Wace gona?"

"Sunanai cikin Hajiya mana. Kowa da ranatai. Mai rana shi ka kawo hura."

"Wa yab ba ku wagga shawara?"

"Ba kowa, Malam. Ranar hwarko ta tambayi Manu abu, yak kasa, tac ce mishi shi sake gwadawa, gaban mutane duka. Sau ukku. To ɗan'uwanka na cikin gona ciyawa ta ci ƙarhinai, tsayawa za ka yi kana kallo?"

 Malam Murtala shi kansa a makon da ya wuce ya je gayyar noman surukinsa, an taru mutum ashirin an gama gona kafin azahar, kuma bai ji wanda ya kira abin satar amsa ba. Ya ɗauki allinsa ya fita, yana jin Manu ya koma kan kiɗa a hankali. Ya yi niyyar gaya wa shugaban makaranta, amma da ya isa ofis ya tarar da labarin da ya fi nasa girma.

Hajiya ta aika rahoto Gusau, Gusau ta bugo waya. A duk makarantun da aka raba na'urar, daga Gummi har Anka, babu ɗalibin da ya kai Habsu Mamuda. Dalili kuwa, wanda Malam Murtala ya gano daga baya, shi ne Innarta ta fi kowa iya dama fura, don haka an yi gayyar Habsu sau huɗu. Malam Tanko ya rubuta jawabin maraba mai shafi biyu, ya ce Habsu ce za ta karanta ranar da za a zo ɗaukar na'ura, Malam Murtala ya fara koya mata tsayuwa da numfashi.

Habsu doguwa ce, 'yar Yargalma, shekararta goma sha shida, kullum tana bencin ƙarshe saboda tsawo. Ba ta da surutu, kuma duk makarantar ba mai kyan rubutunta. Littafinta ake ba sufeto in ya zo. Bayan an tashi Malam Murtala ya zaunar da ita a ƙarƙashin bishiyar bedin makaranta, ƙawarta Surayya na gefe, ya miƙa mata takardar ya ce ta fara. Ta riƙe ta da hannu biyu tana kallo. Ya sake cewa ta fara. Sai ya ga Surayya ta matso tana motsa baki kusa da kunnenta na hagu. Ya ce Surayya ta koma can. 

"Malam," in ji Habsu, idonta na kan takardar, "ban iya ba."

"Turancin na yay yi miki yawa?"

"Ko Hausa ta, ban iya ba. Ina dai zana abin da nig gani ga allo. Tun shekarar dalma kunnena bai ji sosai. In malam na magana can gaba, bakinai kawai nika gani."

Shekarar dalma kowa ya san ta a wannan yanki, shekarar da gubar da ke cikin dutsen zinariya ta shiga gidaje ta kwashe yara. Habsu ta rasa ƙanne biyu, ita ta tashi, aka yi hamdala, ba wanda ya sake tambayar abin da ciwon ya tafi da shi. Shekara shida 'yan ajinsu suna rufa mata asiri, wannan ya raɗa mata, wancan ya tura mata takarda ta kwafa. Malam Murtala ya koyar da ita shekara huɗu, ya sha rubuta mata "da kyau" da jan biro. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har ya kasa kallonta.

Ya san a cikin Hajiya akwai darussan masu fara karatu, Abdulrashid ya nuna masa: baƙi ɗaya ƙato ya cika fuskar na'urar, murya ta faɗe shi, ta maimaita ko sau ɗari ne ba ta gajiya. Abin da Habsu ke bukata ke nan, kuma saura sati shida a zo a ɗauke. Washegari ya ƙwato iyafis daga ofis da sunan za a gwada shi, ya kori kowa waje, ya zaunar da Habsu ita kaɗai, ya ce ta amsa iya abin da ta sani, Hajiya za ta sauko inda take.

Hajiya ta yi mata maraba da kirarin gwarzuwar ɗaliba, ta kawo tambayar da ke da baƙaƙen da Malam Murtala bai taɓa gani ba. Habsu ta danna, ta faɗi. Ta sake, ta faɗi. A ta biyar Hajiya ta ce da muryarta mai sanyi, "Wannan ba Habsu Mamuda ba ce. Da fatan za a mayar wa mai ita." Ta kulle kanta har gobe.

Habsu ta cire iyafis ta ajiye a hankali. "Ta ce ba ni ba ta, ko Malam?" Wannan kam ta ji shi sarai, shi ne abu na farko da ta ji tsaf a cikin ajin nan.

Malam Murtala ya hau surin bayan makaranta, inda nan ne kaɗai waya ke kamawa, ya kira Abdulrashid. Bai ambaci gayya ba. Ya ce a misali, in ana son mayar da ɗalibi baya, ina ake dannawa? Abdulrashid ya yi dariya ya ce babu wurin, ai don kada malamai su yi magudi aka yi ta haka. Tana saukar da ɗalibi ne kawai in ta ga yana raguwa sannu a hankali, kamar kuskure biyu cikin biyar, kuma kuskure mai ma'ana, irin wanda mai wannan matakin zai yi. In ta ga faɗuwar ta yi yawa ko ta shirme ce, sai ta ɗauka wani ne ya karɓe. Malam Murtala ya yi godiya ya sauko, tururuwa cike da wandonsa.

Ranar Litinin ya tsaya gaban aji ya ce yana gayya. Aka yi murna, Manu ya jawo tebur. Ya ce gonar Habsu ce, amma wannan karon kuskure ake so, mai kyau, daki-daki, har a sauko da ita inda take. Ba wanda ya tambayi ina ne inda take, domin duk sun sani, shi kaɗai ne baƙo a zancen.

Ashe faɗuwa ma aiki ce. Khalifa, wanda tun firamare bai taɓa zuwa na biyu ba, shi aka sa gaba don shi kaɗai ke gane tambayoyin saman. Sai ya gano amsar daidai, ya zaɓi ta kusa da ita, ya buɗe baki zai faɗa, bakin ya ƙi. Sau biyu ya faɗi ta daidai ba da niyya ba, Hajiya ta yi tafi ta ƙara wa Habsu mataki, ajin ya yi masa ca. Ya fashe da kuka ya ce shi ba a yi shi don wannan ba, in babansa ya ji fa? Aka ba shi fura ya huce. Da aka ce to bari marasa ƙoƙari su gwada, sai suka yi ta canka, canken kuma ya yi ta faɗawa daidai. Haladu, wanda bai taɓa cin tambaya uku a jere ba a rayuwarsa, ya ci shida, aka fitar da shi waje ya tsaya a rana.

A kwana na huɗu Malam Murtala ya gane bakin zaren. Hajiya ba ta yarda da kuskuren da aka ƙaga, sai na gaskiya. Don haka kowane mataki sai an nemo wanda a nan ne ƙarfinsa ya ƙare, a bar shi ya yi iya yinsa tsakani da Allah, kuskurensa zai fito da kansa. Ya jera su, ya ɗauki littafi yana rubutawa. Khalifa ya sauko da ita hawa biyu ya miƙa wa Nusaiba, Nusaiba ta miƙa wa Surajo. A nan ya ga Nusaiba na kai na'urar har kan hancinta, ashe ba ta gani daga nesa. Ya ga Manu na cin kowane lissafi in lambobi ne zalla, amma in aka sa shi cikin labari sai ya tsaya yana mayar da shi Fulatanci a ransa har lokaci ya ƙare. Shekara huɗu yana kiran sunayen nan kowace safiya, sai yanzu da ya sa su faɗuwa ya san su.

Malam Tanko ya ji labari a sati na biyu, ya taso daga kujerarsa, abin da ya sa 'yan aji ɗaya suka fito kallo.

"Murtala, hauka kaka yi? Yarinya ta ɗaya ga ƙasag ga duka, ka tara mutane kuna jan ta ƙasa? Mi za ni ce ma mutanen Gusau?"

"Ranka shi daɗe, kana da gwanaye sittin da biyu da sunka rage. Wagga guda ka bar min ita."

"To jawabin hwa?"

"Khalifa shi karanta. Shina bukatar abin da za ya wanke zuciyatai."

Malam Tanko ya yi lissafi ya ga sittin da biyu ma ba laifi, ya koma, amma ya tafi da rigar atamfar, ya ce ba za a yi wannan abin kunya a cikinta ba.

Tun da gayya ce, dole mai gona ya ciyar. Inna Aisatu, mahaifiyar Habsu, ita ke kawo furar da kanta a kan mashin ɗin ƙaninta. Ranar farko ta tsaya a taga tana kallo, ta ga ana shewa duk lokacin da na'urar ta ce ba daidai ba. Ta kira Malam Murtala gefe.

"Malam, ni dai na ga gayya iri-iri, amma ban taɓa ganin wadda aka maida ciyawa cikin gona ba."

Ya yi mata bayani iya yinsa. Ta saurara, ta gyara lulluɓi, ta ce, "Na san ba ta iya ba. Ni ka ba ta takardar asibiti ta karanta min, sai ta ce idonta na ciwo. Ban son in kunyata ta na." Washegari ta ƙaro nono a furar.

Sati uku cif aka yi ana gangarowa. Ranar wata Alhamis, Haladu, wanda aka dawo da shi daga rana don yanzu an iso unguwarsu, ya yi kuskurensa na ƙarshe da zuciya ɗaya. Fuskar Hajiya ta yi fari, sai ga baƙi ɗaya ƙato, shi kaɗai.  Surajo ya tattara mutanensa suka fita ba tare da an ce musu ba. Habsu ta sa iyafis, Malam Murtala ya ƙure mata ƙara. Ta kalli baƙin da ta zana sau dubbai, muryar ta faɗe shi cikin kunnenta, ta zabura.

"Malam! Ashe magana shikai?"

Kwana goma sha tara suka rage, har da Asabar da Lahadi, kuma ba wanda ya sake neman layinsa. Malam Murtala kan kai Hajiya caji kasuwa ya dawo da ita da gudu. Habsu na zaune a bencin ƙarshe tun safe har la'asar, bakinta na motsi, wani lokaci ta yi dariya ita kaɗai, wani lokaci ta kifa kai a tebur. Ta haɗa baƙi da wasali, ta haɗa gaɓa da gaɓa. Ba ta kai ko'ina mai nisa ba, gaskiyar magana ke nan, kuma kullum Malam Murtala na ƙirga kwanakin yana jin haushin sati shidan da aka sha fura da su.

Ranar ƙarshe Abdulrashid ya iso da kwalinsa. Khalifa ya karanta jawabi ba tuntuɓe ko ɗaya. Sannan jami'in ya buɗe rahoton ƙarshe a gaban aji, fuskarsa ta canza. Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin irin wannan ba, ɗalibar da ta fi kowa ta gangaro har ƙasa cikin sati uku. Ko rashin lafiya ta yi? Ko rasuwa aka yi musu? Ya nemi a nuna masa ita. Habsu ta taso daga baya. Ya juya mata fuskar na'urar cikin tausayi, ga hotonta, ga wani jan layi da ya faɗo kamar guga a rijiya, ga rubutu a ƙarƙashi.

Ta sunkuya. Ta ɗora yatsa a farkon rubutun. Malam Murtala ya ga Surayya ta fara matsowa, sai kuma ta tsaya da kanta ta riƙe bakinta da hannu.

"Hab... su," in ji Habsu. "Ma... mu... da." Ta ja numfashi, yatsan ya matsa. "Ta... ko... ma... ba... ya."

Abdulrashid ya ce ta yi haƙuri, kada ta sa abin a ranta, kowa na iya samun koma baya. Ba ta ma san yana yi ba, don ta ɓangaren kunnenta na dama yake, wanda ba ya ji. Ta ɗago ta nemi Malam Murtala da ido.

"Malam, daidai nik karanta?"

 Malam Murtala ya zagayo ta hagunta, ya sunkuya.

"Daidai na, Habsu. Ba kuskure ko guda."